Ni Ce Na Gaya wa Koci

Sharaɗa, Kano.
Alhamis, bayan la'asar.

Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya kai ka sansanin damben nan lafiya jibi, ya tsare ka a hanya da masauki, ya dawo min da kai da ƙafafunka.

Ka san rubutuna, aji shida na yi a garinmu, sai ka yi haƙuri da shi. Tsakanin ɗakina da naka bai fi taku goma ba, amma na zaɓi takarda, don da na buɗe baki sai ka jawo takalmi ka fice, ni kuma harshena nauyi yake yi a gabanka. Kwana tara ke nan kana cika kana batsewa a gidan nan kamar an ci maka gado. Na gaji.

Ga magana ta farko. Ka daina zargin Ɗanlami. Abokin nan naka da kuke aiki a kan inji ɗaya a kamfanin roba, kuke tafiya atisaye tare, bai ce wa kowa komai ba. Ni ce na hau adaidaita sahu har Bompai na gaya wa Kocinku cewa ka yanke jiki ka faɗi a tsakar gida garin rage nauyi. Ni, da bakina. Jiya Ɗanlami ya zo rumfata ya sayi garau-garau, ya zauna yana juya cokali har abincin ya huce, ya ce ka kira shi munafuki a gaban ma'aikata. Ka je ka ba shi haƙuri kafin ka tafi.

Na san yanzu hannunka yana ƙaiƙayin yayyaga takardar nan. Ka bari tukuna. Laifuffukana a kan wannan dambe naka sun fi naka yawa, kuma akwai waɗanda ba ka sani ba.

Kai ne ɗan farina, kuma sunan surukina aka sa maka. A inda na taso, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ya dame ta ko da hanjinta na tsinkewa. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi. Da ka fara damben zamani shekara biyu da suka wuce, ka zo ka ce sai ka tsaya a kilo sittin kafin a bar ka ka shiga gasa, ban tambaye ka komai ba. Na dai ga wuyanka yana tsawo. Shekara goma sha biyar ina sayar da abinci a ƙofar kamfanoni, ƙarti suna layi da faranti, sai ga ɗana yana tafe kamar wanda ya tashi daga jinya. Mata a famfo suna ce min, "Mai abinci, ko sayar da rabon ɗan naki kike yi?"

Na kai ƙara wurin babanka, Allah ya jiƙansa. Ya ce, "To ki tambaye shi mana. Ga shi can yana wanke safa."

Na ce, "Malam, ni in tsaya ina zance da ɗan fari?"

Ya ce, "To ki bar shi."

Ban tambaye ka ba, ban kuma bar ka ba. Ka ce in riƙa dafa maka wake ba mai. Na ce to. Kullum sai in narka man shanu cokali biyu in zuba a ƙasan kwano, in rufe da wake, in barbaɗa yaji don kada ka ji ƙanshin. Furar da kake sha kana cewa ba sukari, akwai sukari. Sati biyar ina yi. Ranar awon gasarka ta farko ka hau sikeli, ka ɗara da abin da bai kai kilo guda ba, suka ce ba za ka yi wasa ba. Ka dawo da jakarka ko zif ba ka buɗe ba, ka zauna a dakalin ƙofar gida har magariba. Na ji ka kana ce wa babanka, "Jikina ne, ba ya jin magana." Ina daga madafa ina jin ka, na ci gaba da tuƙa tuwo. Tun daga ranar ka daina yarda da abinci, ka koma yarda da naɗa leda a jiki da tofar da yawu. Wannan halin da nake maka faɗa a kai yau, ni na shuka shi. Ka yafe min.

Abin da zan ce maka a nan shi ne, jikinka yana jin magana, ƙarya aka yi masa. A sansani ka san abin da ke shiga kwanonka. Ka je ka gaida mai dafa muku abinci, ka tambaye ta da ladabi, kada ka yi irin kunyata. Ni na san inda nauyi yake ɓuya, sana'ata ce. Yana cikin ludayin mai, da sukarin shayi, da lemon kwalba, da soye-soyen bakin titi. Ba ya cikin wake. Wake bai yi maka komai ba.

Da na ga abin da na jawo, sai na yi gyaran gangar auzinawa. Na ce tunda rama yake so, bari in taimake shi ya samu. Na koma ba ka kwaɗon zogale ba ƙuli, da kabeji, da ruwan shayi. Har wani garin magani na saya maka a wurin masu mota da lasifika, wai yana narkar da kitse, ka sha kwana uku kana zarya a bayi. Sikeli ya sauka, kana murna, ina murna. Sai wata rana Baba Isufu, dattijon nan ɗan Maraɗi da ke shugabantar masu lodin tirela a layinmu, ya zo cin abinci ya ƙi zama.

Ya ce, "Uwar ɗakina, me kike yi wa yaron nan?"

Na ce, "Wane yaro?"

Ya ce, "Kin san wanda nake nufi, tunda ba kya faɗin sunansa. Buhun shinkafarki da yake ɗauka bara yana waƙa, yau sai da ya sa gwiwa ya tallafe shi."

Na ce, "Nauyi yake ragewa, Baba."

Ya ce, "Ni shekara talatin ina kallon masu dako. Wanda ya daina ci, damtsensa ke fara tafiya, tumbin sai daga baya. Ki ba shi abinci, ko ki saya masa sanda."

A wasanka na gaba ka ci awo lafiya lau. Turmi na biyu hannuwanka suka sauka da kansu, wani yaro da bai kai ka tsawo ba ya yi ta jibgar ka har alƙali ya tsayar. Ka dawo da ido ɗaya a rufe ka ce santsi ne ya ja ka. Wane santsi? Yunwa ce. To ka ji: mai son ya rage kitse ya riƙe ƙarfi dole ya ci abin da ke gina jiki, kullum, ba sai ya ga dama ba. Wake, ƙwai, kifi, awara, nono, nama in ya samu. Tuwo da shinkafa a rage su, ba a kore su ba, don da su ake gudu. Ka ci wani abu kafin atisaye, ka ci bayansa. Ba a taɓa ba kowa kambu don ya fi kowa jure yunwa ba, da masu gadin kamfani sun cika gida da kofuna.

Na uku shi ne ƙarafunka. Ka tuna tsofaffin ƙarafan birkin mota guda biyu da babanka ya roƙo a gareji, ya kai mai walda ya haɗa maka su a jikin bututu? Ka dawo daga aiki wata Talata ka tarar babu su, na ce ban sani ba. Na sani. 'Yan gwangwan na kira suka ɗauka, ko ciniki ban tsaya yi ba. Lokacin ina cikin takaba, kullum da safe ina jin ƙarar ƙarfen nan yana dukan siminti, ina tuna ranar da ya shigo da shi a kafaɗa yana haki yana dariya. Na kasa jurewa. Sai na yi wa kaina hujja, na ce ai ɗaga ƙarfe ne ke ƙara maka nauyi, shi ke sa ka yi ta azabtar da kanka don ka sauke. Da babu ƙarfen sai ka koma gudu kawai, safe da yamma, daga nan har gadar Challawa, kamar wanda aka biyo.

Sai da na zauna da Kocinku na san na yi aika-aika. Ya ce ƙarfen nan shi ke gaya wa jiki cewa ana bukatar damtse, kada ya ƙone shi, ya ƙone kitse. Ya ce mai rage abinci in ya daina ɗaga ƙarfe, tsoka ce ke zubewa. Ashe abin da ya kamata in bari shi na fitar daga gidan, na bar leda. Don haka a can ka ɗaga ƙarfenka kwana biyu ko uku a sati yadda zai tsara maka, ba kullum ba, ba kuma don ka burge 'yan kallo ba. Ranar da aka ce hutu ce, ka huta. Na san ka. Za a ce kowa ya kwanta, kai ka zagaya bayan ɗaki kana tsallen igiya kana ganin ka fi kowa wayo. Barci ma atisaye ne, haka ya ce min, na kuwa yarda, don na ga yadda kake zama in ka yi sati kana aikin kwana sannan ka wuce fili.

Yanzu na zo kan wanda ya fi duka nauyi.

Babanka ya yi shekara ashirin da biyu a kamfanin fata a Challawa, a ɓangaren da ake busar da fata, inda zafi ke sa mutum ya matse riga ruwa ya zuba. Ba ya shan ruwa a wurin aiki. Ya ce bayin yana da nisa da injinsa, in ya sha sai ya yi ta zarya, shi kuma ba ya son a ce Malam Hadi ya cika barin aiki. Nakan cika masa gora da safe, ya dawo min da ita da yamma ko rabi bai sha ba. In ya ce bayansa na ciwo, ni ce ke zuwa kemis in sayo masa ƙwayar ciwon jiki, biyu da safe biyu da yamma, shekara da shekaru, ba likita ba kowa. Na ga fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara. Na ga ƙafarsa ta fara cika takalmi. Sau ɗaya na yi magana.

Na ce, "Malam, ƙafar nan taka."

Ya ce, "Tsayuwa ce. Ke dai zuba min tuwo."

Na zuba masa tuwo. Na ce namiji ne, ya san jikinsa, kada in cika surutu. Da muka je asibiti an riga an makara, likita ta ce ƙodojin duka biyu sun gaji. Ta tambaye ni me yake sha, na lissafa mata, ta dube ni ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Ba ta ce ni na jawo ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, na kuma yarda da ƙaddara. Amma kai ka riƙa tura shi a keken asibiti zuwa wankin ƙoda wata bakwai, ka ga yadda mutumin da ke ɗaukar ka a wuya ya koma ana auna masa ruwan sha da murfin kofi. Yana roƙon a ƙara masa kurɓi ɗaya, ana hana shi. Wata goma sha huɗu ke nan da muka rufe shi. Har yau in na cika randa sai na tuna.

Sannan kai, da hankalinka, da ƙodarka lafiyayya da Allah ya ba ka kyauta, ka ɗauko ledar da ake naɗe kaya a kamfaninku ka naɗe cikinka da ƙirjinka, ka ɗora rigar sanyi biyu, ka fita gudu da rana tsaka. Kwana biyu ba ka sha ruwan kirki ba, kana yawo da gora kana tofa yawu a ciki kamar mai sabon ciki. Wai gwaji kake ka ga ko za ka iya sauke kilo biyar kafin a shiga sansani. Wa ya koya maka wannan? Wani a waya, wanda bai san sunanka ba, ba kuma zai zo gaisuwa ba.

Ranar Talatar makon jiya ina tsince shinkafa na ji faɗuwarka kusa da rijiya. Na yanka ledar da wuƙar albasa, ruwa ya zubo kamar an fasa tulu. Leɓenka ya bushe ya yi fari, idonka ya juye. Ka san me na tuna? Ka sani. Da ka farfaɗo, kalmar farko da ta fito bakinka ba salati ba ce. Cewa ka yi, "Kada ki gaya wa kowa, za a cire ni." Na ce a tafi asibiti, ka ce jiri ne kawai. Da ka fito daga bayi na shiga bayanka na duba. Kalar nan ce dai, wadda na sani.

Washegari na bar wa ƙanwarka rumfa na tafi Bompai. Na tarar da Koci yana naɗa wa wani bandeji a hannu. Na ce ni ce mahaifiyar wane, sai na kasa faɗin sunan, na tsaya ina kwatance da hannu kamar mai neman ɓatacciyar akuya: dogo, baƙi, ɗan Sharaɗa, mai taurin kai.

Ya ce, "Mama, masu taurin kai sun kai ashirin a nan. Amma na gane shi. Ku zauna."

Na faɗa masa komai, har da man shanu. Ya yi dariyar man shanun, amma da na zo kan leda sai ya daina.

Ya ce, "Ni na ce masa ya rage a hankali, kamar rabin kilo a sati. Ban san yana wannan ba. Abin da yake saukewa ruwa ne, ba kitse ba, gobe zai dawo. Kuma wanda ya bushe in aka naushe shi a ka, ya fi kowa shiga haɗari."

Na ce, "To Malam Koci, cire shi za ka yi?"

Ya ce, "Ku me kuke so?"

Na ce, "Ni so nake ya koyi ɗinki. Amma ba ni aka tambaya ba tun farko."

Abin da ya yanke ka riga ka ji daga bakinsa. Likita zai duba ka kafin ka sa safar dambe. Wata guda za su riƙa auna ka kowace safiya a sikeli ɗaya, suna kuma duba ƙarfen da kake ɗagawa. In nauyi na sauka a hankali, ƙarfi bai ragu ba, ka tsaya a ajinka na kilo sittin. In ba haka ba, ka hau ajin da ke sama, inda yaron nan na Dakata yake, wanda ba ka taɓa ci ba, kuma mutum ɗaya ake ɗauka a kowane aji. Na san abin da wannan ke nufi. Mai yiwuwa ne in na jawo maka rasa gurbin da ka yi shekara biyu kana nema, ka dawo kan injin roba kana kallon wasu sun tafi gasa. Na san shi tun ina cikin adaidaita sahun, ban ce a juya ba.

Ga abin da nake so, ba shi da yawa. Ka sha ruwa, safe da rana da yamma, ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi duhu ka ƙara. Kada ka sha wata ƙwaya ko wani gari da wani zai ba ka a ɓoye, ko na rage nauyi ko na ciwon jiki, sai wanda likita ya rubuta. In kanka na juyawa ka faɗa, ba ragwanta ba ce. In sikeli ya ƙi sauka, ka bar shi ya ƙi, ka hau ajin sama ka je ka fuskanci ɗan Dakata da cikakken ciki. Shi ma uwa ce ta haife shi. Kana da shekara ashirin da ɗaya, ƙashinka bai gama faɗi ba, kafaɗun babanka ne ke fitowa, kana ta faɗa da su kamar abokan gaba. Kada garin neman gira ka rasa ido.

Na sa maka soyayyen wake da busasshen kifi a jaka, da ƙuli kaɗan. Babu abin da na ɓoye a ciki, ka iya kai wa Koci ya shinshina.

Na nemi yafiyarka a kan man shanu, da zogale, da ƙarafunka, ina kuma sake nema. Amma zuwana Bompai ba na neman yafiya a kansa. Na yi shiru sau ɗaya a rayuwata don kada a ce na cika surutu, na ga inda ya kai ni. In na ji ka sake naɗa leda, zan sake hawa adaidaita, wannan karon a gaban abokanka zan yi maganar. Ka yi fushi da ni wata guda, ka yi shekara in ka so, kada ma ka kira ni a waya. Mai fushi yana numfashi, ni wannan ya ishe ni.

Allah ya tsare min kai daga sharrin naushi da sharrin son zuciya. Allah ya ba ka nasara in alheri ce, in ba alheri ba ce ya musanya maka da abin da ya fi. Allah ya jiƙan babanka, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarka.